Ni na kori abokin darar mijina

Assalamu alaikum Anti, da ku masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma ku ji ni tukuna kafin ku zage ni, don ni ma na zagi kaina har na gaji.

A unguwar Makera muke zaune. Wata biyar ke nan da mijina, Malam, ya yanke jiki ya faɗi, aka ce bugun zuciya ne. Allah ya tashi kafaɗunsa, amma mutumin da aka sallamo min ba shi na kai asibiti ba. Ba magana, ba dariya, sai kallon bango. Ni ce girki marar gishiri, ni ce ba da magani, har keken ɗinkina na rufe saboda shi, amma in na ce "Malam, sannu," sai dai "uhm". Likita ya ce ciwon damuwa ne ya biyo baya, lallai ya riƙa ganin mutane yana hira.

Sai ga Baba Bitrus, abokinsa tun suna aiki a masaƙa a Kakuri. Kullum bayan la'asar zai taso daga unguwar Nasarawa da allon dararsa da marafan kwalba, su baje a ƙofar gida. Wallahi ina tsakar gida na jiyo dariyar Malam har da buga cinya: "Bitrus, ka ji tsoron Allah, maido min ɗana!" Maimakon in yi hamdala, sai na ji haushi. Ni da na sha wahalar jinya ban samu ko murmushi ba, sai mai marafan lemo? Kishi da namiji, tsoho ma! Ina aka taɓa jin wannan abin kunya?

Rannan na tare shi a bakin layi, na ce, "Baba, likita ya ce a dakatar da baƙi, dariyar nan tana wahalar da zuciyarsa." Bawan Allah ya cire hula, ya ce, "Ayya, Maman Ummi, ashe cutar da shi nake yi?" Ya miƙo min allon, wai in ajiye sai Malam ya warke. Tun daga nan wayata yake kira yana tambayar jiki, don kada ya dame shi, ni kuma ban taɓa isar da gaisuwar ba.

Sati uku Malam yana fitar da kujeru biyu bayan la'asar, ya dawo da su da magariba. Na ce ko ya kira shi ne, don ma in wanke kaina, ya ce, "Ba a roƙon dubiya." Yanzu ya daina fita, abinci sai na yi da gaske. Jiya ya ture maganinsa, ya kama hannuna, ya ce, "Wanda muka yi shekara talatin tare ma ya gaji da ni. Ke kaɗai kika rage min, Allah ya saka miki."

Anti, maganar da na yi wata biyar ina jira ke nan, amma da na ji ta sai da na shiga banɗaki na yi kuka. In na faɗi gaskiya, ina tsoron zuciyar nan tasa ba za ta ɗauka ba, kuma da wane ido zai ƙara kallona? In na yi shiru, ina kallo yana ƙarewa. Allon darar yana nan ƙarƙashin gadon da yake kwance a kai.

Me zan yi?