Igiyar Mai Layi

Zuwa ga Babana,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya, kai da Mama da duk mutanen gida. Yaya gwiwar? Na zaɓi takarda ne don na san idan na buga waya rabin hirar a "me kika ce?" za ta ƙare.

Baba, aiki aka jibga min. Jami'armu za ta cika shekara hamsin da fara wasanni, Darakta ya ce ni zan haɗa littafin tarihin sashen, wai tunda ni 'yarka ce, 'yar Guguwa, abin a jinina yake. Sati uku ke nan ina sito tsakanin tsofaffin kofuna da katifun tsalle, ina ta atishawa. Na ƙirga kofi sittin da ɗaya, ɗaya a ciki an daɗe ana zuba masa ƙusoshi.

Ga labari mai daɗi: ranar bikin za a kira ka gaban jama'a a ba ka lambar girma. Gudunka na mita ɗari huɗu cikin sakan 47.9 yau shekara talatin da takwas yana saman allon bajinta. Akwai wani ɗalibi da ake ce wa Dogo, shekara uku yana haƙilon kamo ka, ya tsaya a 48.3, kuma bana zai gama karatu.

Amma akwai abin da ya ɗaure min kai. Na jera takardun gasa shekara bi shekara, sai na ga duk manyan bajintocin gudu na jami'ar nan a cikin shekara uku aka yi su, shekarunku, kuma duk a filinmu. Da kun fita wata jami'a sai abin ya canja. Kai kanka sau biyar ka fita: 48.9, 49.0, 48.8, haka dai. Masu tsalle da masu jifa kuwa, abin da suke yi a gida shi suke yi a waje. Na duba har idona ya yi ja, na kasa gane kan abin. Me ke samun ƙafafunku idan kun hau mota?

A gaida Mama. Ka huta lafiya.

Autarka.

*

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa da sa albarka, takardarki ta iso. Gwiwa tana nan tana mulkinta. Uwarki ta ce ki riƙa ɗaura ƙyalle a hanci idan za ki shiga siton nan.

An ce ki rubuta tarihi, kin koma binciken ƙafafun ubanki. To, tunda kin tambaya, zan faɗa miki abin da ko uwarki ban taɓa faɗa wa ba. Tsoro ne. Haka Koci ya ce, Allah ya jiƙansa. Ranar da muka dawo daga gasar ƙasa, inda na zo na shida, a cikin mota ya miƙe tsaye ya ce mu zakarun gida ne, cara sai a kan bolarmu. Ya nuna ni ya ce, "Kai Guguwa, ƙafarka ta doki ce, zuciyarka ta kaza."

Abin da har yau ban gane ba shi ne, ni ban taɓa jin tsoron ba. Nakan tsuguna a layi zuciyata a dake, in yi gudu har in ji ɗanɗanon jini a maƙogwaro, in duba agogo in ga sakan guda ya ɓace. Na canja takalmi. Na daina cin abinci ranar tafiya. Har ruwan famfon jami'a na taɓa ɗauka a jarka, kada ki yi dariya. Daga ƙarshe na yarda cewa akwai irin tsoron da mai shi ba ya ji, ƙafafunsa kawai yake kamawa.

Shi ya sa da aka kira ni sansanin horo na ƙasa na ce Inna, kakarki, ba ta da lafiya. Lafiyarta ƙalau. Na ɗauki alli na shiga aji, shekara talatin da biyar ina koyar da lissafi, kuma duk lokacin da wani babban abu ya taso, ƙarin girma ko canjin gari, sai in tuna wane ne ni in ja da baya.

Wannan ba na littafi ba ne. Ki rubuta 47.9 ki wuce. Idan shafi kike neman cikewa, ki nemi Mai Layi, mai kula da fili na zamaninmu, in yana raye. Shi ke zana mana layukan gudu da farar ƙasa, kuma ba a taɓa gode masa ba.

Allah ya yi miki albarka.

Babanki.

*

Zuwa ga Malama 'yar Guguwa,

Sallama da gaisuwa irin ta girma. Na ga takardarki, na yi murna ƙwarai da har jami'a ta tuna da ni. Ki yi haƙuri da rubutun, hannu ya fara rawa.

Kin tambayi yadda muke zana fili a da. Lokacin babu wannan jan dandamalin na roba, ciyawa ce. Kowace shekara bayan damina sai in yanke ciyawa in sake fitar da layi. Injiniyan da ya fara auna filin ya bar min igiya mai mita hamsin. Sai in kafa turaku a zagaye, in bi su da igiyar sau takwas, ya zama ɗari huɗu cif. Sannan in bi da gwangwanin farar ƙasa. Ban taɓa barin kowa ya taɓa min igiyar nan ba.

Na riƙe ta da amana. Wata shekara ɓera ya ci ta wuri biyu a sito. Da wani ne, da sai ya je ofis yana kuka a sayo sabuwa. Ni kuwa na yanke inda ya lalace na ƙulla ta tsaf, ƙulli biyu, ta ƙara min shekara uku tana aiki. Shekarun mahaifinki ke nan. Malama, ba a ƙara yin yara irin waɗannan ba, ƙafarsu ba ta taɓa ƙasa.

Daga baya sabon koci ya zo da tef ɗin awo na ƙarfe ya ce a ajiye igiya. To tun daga ranar gudu ya mutu a jami'ar nan. Na sha faɗa musu igiyar nan tana da albarka, suna min dariya.

Idan ba a yar ba, tana rataye a ƙusa bayan katifun tsalle. Ki sa hotonta a littafin, ta cancanta. Ki gaida min Guguwa, ki ce masa har yanzu ina ba jikokina labarinsa.

Naki,
Mai Layi.

*

Babana,

Ina gaisuwa, da fatan kun tashi lafiya. Wannan ce takarda ta huɗu da na fara, ukun farko suna kwandon shara. Na haɗo maka da wasiƙar Mai Layi, ka fara karanta ta kafin ka ci gaba.

Na sami igiyar, tana nan a ƙusarta da ƙullinta biyu. Hoto kawai na je ɗauka, wallahi. Ban san abin da ya sa na ari tef na shimfiɗa ta a barandar ofis ba. Mita arba'in da tara ce, Baba. Na auna sau uku, na kira mai koyar da tsalle ya sake aunawa, bai san dalili ba.

Kai ne malamin lissafi, ba sai na yi maka ba. Mita ɗaya sau takwas. Filin da kuka yi gudu a kai shekara uku ya gaza da mita takwas, kuma mita takwas a gudunka kusan sakan ɗaya ne. Wancan sakan ɗin da ka ce yana ɓacewa idan kun fita.

Na zauna a ƙasa kusa da igiyar, na rasa kuka zan yi ko dariya. Na je wurin Darakta, ya saurare ni yana juya biro, ya ce, "Wa ya aike ki awo? An riga an zana sunansa a jikin lambar. Ki mai da igiyar inda kika ɗauko ta." Da na ambaci Dogo sai ya ce yaro ne, ya ƙara ƙoƙari. To amma idan lissafin nan daidai ne, Dogo ya wuce kowa tun bara bai sani ba. Jiya na hango shi yana zagaye fili shi kaɗai, ya gama ya je ya tsaya gaban allo yana kallon sunanka.

Kaina ya kulle. Tun ina 'yar ƙarama da wannan lambar ta 47.9 nake taƙama, har faɗa na yi a firamare a kanta. Idan na rubuta, na sauke ubana daga allo da hannuna, na kuma kunyata tsohon da ke ba jikokinsa labarinka. Idan na yi shiru, littafin ƙarya na haɗa. Kuma ban sani ba ko kyauta na yi maka da wannan takarda ko yanka. Ranar Litinin ta sama za a kai littafi wurin bugawa. Abin da ka ce shi zan yi.

Ka yafe min idan na ɓata maka.

Autarka.

*

Baba,

Gaisuwa. Kwana tara ke nan shiru. Na kira Mama ta ce ka karanta takardata sau biyu, ka sa takalmi ka fita da sandarka, ba ka dawo ba sai la'asar, kuma tun ranar kana yawan murmushi kai kaɗai. Ta ce ita ma ta kasa gane maka. Fushi ne? Saura kwana uku a kai littafi.

Auta.

*

Auta,

Bayan gaisuwa. Ba fushi ba ne. Filin makarantarmu na je na zauna ina sake lissafi, ko zan kama ki da kuskure. Ban kama ki ba.

Ki rubuta gaskiya. A sa yaron nan a saman allo kafin ya bar jami'a, kuma ni zan miƙa masa lambar da hannuna, Darakta ya kankare sunan. Mai Layi kuwa ki bar min shi, ni zan je in same shi, kada ya ji a bakin wani.

A gefen sunana ki sa 48.8, na gasar ƙasa. Shi ne nawa. Ashe duk inda na je gudu ɗaya na yi, gida da waje, ban taɓa ragewa ba. Shekara talatin da takwas ina ɗauke da zuciyar kaza, ashe ba tawa ba ce.

Idan kin gama da igiyar ki aiko min da ita.

Babanki.