Idon Sani da Kwalaben Esans

Laraba da dare, Mayu 2005

Likita ya tabbatar idon ƙanena Sani na hagu ya tafi. Wani bakanike a unguwar Paspanga ne ya jefe shi da sifana kan rigimar gyaran mobilet, ƙaramin babur ɗinsa.

Maƙwabcinmu Pol, malamin coci, ya zo dubiya. Ya ce dokar Attaura ta ido madadin ido iyaka ce aka ja wa mai fushi: wanda ya rasa ido kada ya ɗauki rai.

Na kai wa babbanmu Yaya Hamidu maganar, don ya rantse sai ya rama. Ya ce, "To koma cocin ka kwana."

Yanzu ina jin ƙarar kwalaben esans, wato fetur, a zaure. Garejin bakaniken su Yaya Hamidu za su ƙona, kuma can yake kwana da yaransa. Ido ɗaya ne fa, ya Allah. Ni kuwa na kasa ko tashi.