Ƙullin Ƙwaro a Ƙoramar Miena

Miena, farkon Disamba

Zuwa ga matata Glenys,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, gwiwar nan kuma ta yi sauƙi. Ki yi haƙuri da wannan rubutu kamar tonon kaza, da hagu nake yi. Hannun dama yana nan yadda ciwon shanyewar jiki ya bar shi, yana gaisuwa amma ba ya riƙo.

Na iso lafiya. Ƙaramin gidanmu na bakin tafki yana nan tsaye, sai dai ɓeraye sun yi biki a ɗakin girki. Ban manta sharaɗinki ba: in zuwa ƙarshen Janairu na kasa kamun kifi ni kaɗai, mu sayar da gidan in dawo Launceston in zauna kusa da likita. Na amsa miki don na gaji da musu, amma ki sani ban zo nan don in yi bankwana ba.

Sandar fatsar da 'yarmu Bronwyn ta saya mini, na raina ta da farko. Gutsure huɗu ce, a harhaɗa, a warware a cusa a jaka, nauyinta bai kai na cokalin miya ba. Maƙwabcinmu Dougie da ya gan ta sai da ya riƙe ciki. Wai, "Merv, wannan ta kamun kifi ce ko ta sosa kunne?" Na ce ya jira. Tsohuwar sandata ba ta ɗaguwa da hagu, wannan kuwa tana ɗaguwa, iyakar abin da na sani ke nan.

Naki,
Merv

Miena, bayan Kirsimeti

Glenys,

Ina gaishe ki, ina gaida Bronwyn da yaranta. Kek ɗin ya iso, Dougie ya cinye rabi da sunan ɗanɗanawa.

Na yi wauta, na kai sandar babban tafki da rana tsaka. Kin san iskar nan ta kan tudu. Ina jefa zare tana dawo mini da shi a fuska, har ƙugiya ta kama hulata. Na dawo gida ina zagin sandar, alhali ba laifinta ba ne. Ba a yi ta don faɗin ruwa da iska ba. Wurinta ƙaramar ƙorama, da sassafe, ruwa kwance.

Sai na koma ƙoramar da ke bayan tudun duwatsu. A can ba a jifa da ka. Tafiya kake a duƙe, rana a gefenka don kada inuwarka ta faɗa ruwa, har sai ka ga kifin da idonka, sannan ka ajiye masa ƙwaron ƙarya na gashi mai ƙugiya a gabansa a hankali. Sandar ba ta son ƙarfi. In ka matsa mata ta watsa zaren, in ka bar ta ta lanƙwasa da kanta sai ta kai shi inda kake so. Hagu da ba ta san komai ba ta fi saurin koyon wannan.

Glenys, na kama. Wani kifi mai ɗige-ɗige ya taso ya buɗe baki, na dakata har ya juya kai ƙasa kafin na ɗaga. Sandar ta tanƙware kamar za ta karye, ba ta karye ba. Da na sake shi ya tafi, na zauna kan dutse na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa miki.

Naki har kullum,
Merv

Miena, ƙarshen Janairu

Uwar Bronwyn,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji an yi zafi a gari, ki riƙa shan ruwa.

Lokaci ya cika, ga gaskiyar magana. Jifa na iya, tafiya na iya, maciji ma na gan shi na ba shi hanya. Abu ɗaya ya gagare ni, ƙulla ƙwaro a bakin zare. Zaren siriri ne kamar gashi, ramin ƙugiyar kuma sai yatsu biyu masu ji. Dougie ke ƙulla mini ɗaya kowace safiya yana mita. In kifi ya tsinka shi, ko reshe ya riƙe, ranar ta ƙare ke nan.

Shekaranjiya haka ta faru tun jifan farko. Na zauna a bakin ruwa, kifi na tasowa a gabana ko'ina, na gwada da haƙori, na gwada da gwiwa, har rana ta take. Ban ƙulla ba. Yanzu kuma Dougie zai koma wurin 'yarsa a Hobart cikin wata mai zuwa. Ya ce mini, "Kai dai taurin kai zai kashe ka, ka bi matarka gida." Na ce masa matata ce za ta biyo ni.

Bisa sharaɗinki na faɗi, ban musa ba. Ni kaɗai ba zan iya ba. Amma gidan nan ba zan sayar ba, ko da za ki daina yi mini magana. Shekara da shekaru kina cewa tudun nan sanyi ne da ƙuda, ban taɓa roƙon ki zo ba. Yau ina roƙo. Ke da kike zura zare a allura ba tare da kin duba ba, wannan ƙulli ba zai ɗauke ki minti ɗaya ba. Ba sai kin taɓa kifi ba. Ki zauna kan dutse da shayinki ki yi ta yi mini faɗa, in zare ya tsinke in miƙo miki. Ina kewarki, wannan ma gaskiya ce, kuma ta girmi maganar ƙulli.

Dougie zai sauko gari ranar Juma'a sayen kayan abinci, zai tsaya a ƙofarki, kujerar gaba ta motarsa babu kowa. Ki taho da rigar sanyi mai kauri. In ya dawo shi kaɗai, na riga na gaya masa zai sake saukowa Juma'a ta gaba.

Mijinki mai jiranki,
Merv