Inuwar Gawo Ta Ja Mini

Daren Talata, tsakiyar bazara.

Barci ya ƙi zuwa. Yau aka zaɓi mai gari tsakanin Ilu da Ɗanjimma. Kumandan ya zo daga Tasawa da sojoji, ya ce kowane magidanci ya tsaya bayan wanda yake so. Ina layin Ilu, ga rana ga yunwa, jiri ya ɗebe ni, na raɓa inuwar gawo. Ashe nan layin Ɗanjimma ya ƙare! Soja ya ƙirga da ni, na kasa buɗe baki.

Ilu ya ci. Na je barka, ya ƙi karɓar hannuna, ya ce: "Isuhu, na gan ka."

Gobe shi zai raba dawar taimako, rumbunmu kuwa wayam. Ban gaya wa matata Hajo ba. Ga ta can tana ɗinke buhu, har da 'yar waƙarta.