Gadaje huɗu a motar surukai

Yaya Hansatu, assalamu alaikum. Ya gida, ya ƙafar Inna?

Mu nan Cheras ta Malesiya lafiya lau, sai dai zuciyata ba ta kwanta ba. Surukan ɗana Halliru, iyayen marigayiya matarsa, 'yan Malesiya, sun yi ritaya, sun zo ganin jikoki a mota mai kicin da makwanci. Na gyara musu ɗakina, suka ce a mota za su kwana. Da na kai musu shayi na ga gadaje huɗu, biyu ƙanana daidai yaran. Halliru ya ce, "Mama, yawo ne kawai."

Ina istigfari kada in ɗauki alhakinsu. Ki tambayar mini Malam, laifi ne in ɓoye fasfon yaran? Don na riga na ɓoye.

Allah ya sada mu da alheri.
Ƙanwarki, Ɗelu