Kwas ɗin Sanusi anka ɗauka

Laraba da dare, Wurno

Yau kwamitin tsara manhaja na sashenmu ya zauna. Kwas ɗin Sanusi anka ɗauka, nawa anka ce in sake dubawa. Sanusi fa! Wanda ni na koya mashi riƙon kwalbar gwaji yana aji ɗaya a jami'a.

Shekara uku ina ɗibar ruwan rijiyoyin Wurno don ɗalibai su koyi kimiyyar sinadarai da ruwan da suke sha. Shi ko sau biyu ya je Goronyo, ya zauna da manoman albasa, ya tsara darussa kan yadda taki ke canza ƙasar fadama. Shugaban sashe har tafa mashi ya yi.

Da munka fito ya rusuna ya ce, "Malam, don Allah duba mani, mi ya rage?"

Na kawo takardun gida, na ɗauko jan biro. Sau biyu na karanta ina farautar kuskure, ko murfin biron ban cire ba.

Gobe dole in ce mashi aikin ya yi kyau, kuma ba ƙarya zan yi ba. Abin da ke ci na ke nan.