Yatsu Biyu a Tianhe

Panyu, Guangzhou,
11 ga Maris.

Zuwa ga matata Najiba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da Inna da 'yarmu Hikma. Yaya ƙafar Inna? Yaya makaranta da ɗalibanki? Ni ma lafiya lau, sai kewarku.

Hajiya Balki za ta dawo Kano jibi da kayanta, shi ya sa na ce bari in ba ta wannan, tunda kin ce maganar waya tana wucewa amma takarda tana zama a jaka.

Kin tambaye ni wane irin inji ne Alhaji Ma'azu ya turo ni har Sin in koya, ni da na shekara goma sha huɗu ina gyaran famfo. Wani ɗan inji ne mai kamar tukunya, ana ɗaura shi a ƙarƙashin kwamin wanke-wanke na kicin. Ragowar shinkafa, ɓawon kayan miya, ƙananan ƙasusuwa, duk a tura masa, a saki ruwa, a danna makunni, ya niƙe su su bi bututu. Alhaji zai fara kawo su shagonsa, kuma yana son in zama ni ne mai ɗaurawa da gyarawa.

Kamfanin ya haɗa ni da wani dattijo, Liang. Shifu nake ce masa, wato malamin sana'a. Ba ya jin Turanci, ni kuma kin san iyakar Sinancina, amma hannu yana gane hannu. Da safe mu shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa Tianhe da jakar kayan aiki, mu hau bene na ashirin ko na talatin, mu kwanta rigingine a ƙarƙashin kwami. Ya koya mini yadda ake zaunar da robar baki kada ruwa ya yi yoyo, da yadda ake juya injin da ɗan makulli ta ƙasa idan ya cije. Abu na farko da ya koya mini kuwa shi ne a zare filogi daga soket kafin a taɓa komai. Ranar da na manta, da bayan sifana ya buge mini hannu.

Makon jiya na ɗaura guda ni kaɗai, bai ɗiga ko ɗigo ɗaya ba. Shifu ya sayo mini lemo.

Ki gaishe da Inna da kyau, ki shafa mini kan Hikma.

Mijinki,
Tankari.

Panyu,
20 ga Afrilu.

Zuwa ga Najiba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaishe da Inna da Hikma, da fatan kowa yana cikin ƙoshin lafiya.

Za ki ga rubutun ba nawa ba ne. Souleymane ne, mutumin Maraɗi da muke ɗaki ɗaya, yake rubutawa ina faɗa masa. Kada hankalinki ya tashi. Na ɗan ji ciwo a hannu wurin aiki, likita ya naɗe shi, ya ce kada in riƙe alƙalami.

Na ga saƙonninki. Ba fushi nake ba, ba kuma wani abu ne ya shiga tsakaninmu ba. Kiran bidiyon ne ba na so yanzu, na rame kaɗan, kuma na san Inna za ta karɓi wayar ta ƙura mini ido. Ki yi mini haƙuri mu tsaya a murya.

Ba na fita aiki kwanakin nan. Shifu yana zuwa duk bayan kwana biyu da miyar kifi a kwano, ya sa matarsa ta sayi sabuwar tukunya saboda ni, don ya san abin da ba ma ci. Sai ya ɗan zauna a bakin gado, ya tashi ya tafi. Ya tsufa a 'yan makonnin nan.

Ki sa ni a addu'a.

Naki,
Tankari.

Panyu,
16 ga Mayu.

Zuwa ga matata Najiba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata wannan ta same ku lafiya. Ni ne da kaina nake rubutawa, da hannun hagu, shi ya sa baƙaƙen suke karkace. Kwana uku na yi a kanta. Ban so abin da zan faɗa ya bi ta hannun wani ba.

Najiba, ban gaya miki gaskiya duka ba. Yatsu biyu na rasa a hannun dama, manuniya da na tsakiya, daga gaɓa ta biyu. Likitoci sun yi ƙoƙari, ba abin da za a mayar.

Ranar biyu ga Afrilu aka kira mu wani gida a Tianhe, injinsu ya cije. Maigidan da matarsa suna wurin aiki, sai mahaifiyarsa, tsohuwa 'yar ƙarama da ta haura tamanin, ita ta buɗe mana. Shifu ya sauka ƙasa ɗauko sabuwar roba. Na haska tocila na hango ƙaramin cokali ya maƙale a ciki. Na duba makunnin bango na ga a kashe yake. Soket ɗin yana can bayan bokitai da kwalabe, na yi ƙyuyar fitar da su. Na ce abin daƙiƙa biyu ne. Filaya tana cikin jaka a bayana, ban ɗauko ba, na zura hannu.

Tsohuwar ta ga ina fama da tocila a duhu. So ta yi ta kunna mini fitila. Makunnan biyu suna jere, ta danna na injin.

Ba zan ba ki labarin abin da ya biyo baya ba. Shifu ne ya ɗaure hannun da rigarsa ya kai ni asibiti.

Ɗanta ya zo duba ni sau uku, yana ta sunkuyar da kai. A zuwa na uku ya gaya mini ta manhajar fassara cewa mahaifiyarsa ta fara rikicewa tun bara, kuma bayan wannan abu ba za su ƙara barinta ita kaɗai ba, za su kai ta gidan kula da tsofaffi a bayan gari. Na ce masa laifina ne, ni na karya dokar aikina, ita taimako ta yi niyya. Na maimaita, na sa Shifu ya faɗa masa da harshensu. Ya yi godiya, ya ce sun riga sun yanke shawara.

Makon jiya Shifu zai koma ya sauya musu injin, na ce sai na bi shi. Akwatunan tsohuwar guda biyu suna bakin ƙofa. Ba ta gane ni ba, ba ta tuna komai ba. Da ta ga bandejin sai ta kama wuyan hannuna da hannayenta biyu tana magana. Shifu ya juya mini a waya: "Yaro, wa ya yi maka haka?"

Na ce a gaya mata aiki ne. Ta shiga ɗaki ta fito da ɗan kwalbar man zafi ta sa mini a aljihu, ta ce in riƙa kula. A kicin ɗin na tsaya ina riƙe wa Shifu tocila, hawaye suna zuba, shi ma bai ɗago ba har ya gama. Washegari aka tafi da ita.

Na karɓi ƙaddarata, Najiba. Abin da ya fi yi mini nauyi shi ne tahiya, in zo ɗaga yatsa in tarar babu. Sai kuma tsohuwar nan da ƙyuyata ta fitar daga gidan ɗanta.

Na gaya wa Alhaji Ma'azu komai. Ya ce in dawo, ko ban iya ɗaurewa da ƙarfi ba zan iya nuna wa wasu. Ban sani ba ko hakan zai yiwu. Na gwada riƙe sifana da yatsu uku, tana zamewa, amma Shifu ya ce a hankali.

Jirginmu zai sauka Kano ranar biyu ga Yuni. Abu ɗaya nake roƙonki. Ki je ɗakin Inna ki zauna kusa da ita, ki faɗa mata da bakinki, a hankali, tun kafin ranar. Ki faɗa wa Hikma ma yadda za ta gane. Ba na so su fara sani a ƙofar gida, lokacin da na miƙa hannu.

Ki yafe mini ɓoyewar da na yi. Allah ya sada mu da alheri.

Mijinki,
Tankari.